Ranar da Na Kasa wa Teku Takalma

Shekarar da muka shiga jirgin ruwa daga Ikko za mu Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ni da Malam Sule maƙwabcina a Mandawari, jirgin ya tsaya wuni guda a wani ɗan garin masunta. Na sauka da buhun takalman fata da dukawan Ƙofar Wambai suka ba ni amana.

Kasuwar garin a cushe take, amma ga fili fetal a bakin teku, yashi sumul, ba kowa. Na ce wa Sule, "Dubi mutanen da ba su san kasuwa ba." Na shimfiɗa tabarma, na jera takalma.

Wani dattijo Bahaushe mazaunin garin ya matso ya ce, "Malam, kwashe kayanka. Teku na dawowa nan da la'asar."

Na yi murmushi. Ni za a yi wa wannan? Da irin wannan maganar muke korar baƙo daga wuri mai kyau a Wambai. Na ce, "Baba, in ta zo ta taya."

Na bar kayan na tafi masallaci. Da na dawo, ba fili, ba tabarma, sai takalma suna lilo a kan ruwa, masunta na riƙe ciki don dariya.

Dukawa sun yafe mini, Sule ne bai yafe ba. Har yau in mai kifi ta wuce zaurenmu sai ya tsayar da ita, ya nuna mini kifayen ya ce: "Malam, tambaye su mana, takalman sun yi musu daidai?"