Rasuwar Farar Hular Injiniya Zaharaddeen

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Injiniya Zaharaddeen na Malumfashi, wanda yanzu ba kowa ke kiransa Injiniya ba, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar farar hularsa ta kwano. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a wata gonar masara a Dayi, tana kan maigidanta.

Marigayiya ta yi shekaru tana aikin gada da kwalbati tsakanin Funtua da Bakori. Bulo ya faɗo mata, rodi ya zungure ta, ba ta taɓa cewa komai ba sai "ƙwal". Mai kwarjini ce. In tana kansa, maigadi kan buɗe ƙofa ba tambaya, leburori su miƙe da shebur ko da hira suke.

Lokacin da maigidanta, da furfurarsa da komai, ya ajiye aiki ya shiga wasan barkwanci, ba ta yi masa gori ba. Ta koma kan ƙusa a zauren mahaifiyarsa, Hajiya Hansai, ta kama aiki mafi wuya a rayuwarta. Kullum Hajiya kan goge ta, ta nuna wa baƙi, ta ce ɗanta hutu ya ɗauka, zai koma. Muddin hular na rataye, maganar na nan daram.

Ajali ya zo ta hannun darakta Rabe, wanda ya ba Zaharaddeen matsayin ɓarawon masara. Rabe ya ce shi fuskokin gaskiya yake so, don haka ya tara manoman wajen, ya ce su bi ɓarawo su ɗan taɓa shi. Zaharaddeen, da yake ya karanci kiyaye haɗari, ya zare marigayiya daga ƙusa, ya kafa ta a kai, ya ɗora mata malfa. Ba wanda ya gaya wa Rabe cewa bara an yashe gonar wani dattijo cikinsu, Baba Hussaini, kuma har yau ba a kama kowa ba. Baba ya zo da ƙotar fartanya.

Rabe na ihun a tsaya, Baba Hussaini na cewa, "Kauce, yaro, yanzu na fara!"

Kalmarta ta ƙarshe ita ce "ƙwas". Rabe ya duba hoton da aka ɗauka, ya ce abin ya yi kyau, amma ba a ga fuska sosai ba, ko za a sake?

Ta rasu ta bar takalmin aiki mai ƙarfe a baki, da riga ruwan lemo mai walƙiya, da maigida mai ƙulu a ƙeya. Ta kuma bar bidiyo, wanda ya zaga wayoyin Tsiga har Musawa. Mutumin da ya gina kwalbati ba wanda ya san sunansa, yau 'yan acaɓa na tsayar da shi suna cewa, "Ɓarawon Masara, a yi mana faɗuwar nan!"

Hajiya ma ta gani, maƙwabciya ta kai mata har ɗaki. Ba ta yi kuka ba. Ta aiko cewa a kai gawar kasuwar Funtua wajen mai liƙin roba, a haɗe ta, Litinin mai ita ya koma bakin aiki. Mai mamaciya ya san liƙi zai kama. Abin da ya sa yake gaggawar binnewa ke nan, don shi ba zai koma ba.

Za a sa ta a rami gobe bayan la'asar, a gindin ɗorawar bayan gidansa. Ba wanka, ba salla, roba ce. An yafe wa Rabe zuwa. Baba Hussaini na iya halarta, amma hannu sake. Daga nan za a wuce gidan Hajiya a shaida mata an binne, ba komawa aiki. Ana roƙon dattawan da take jin nauyinsu su shige gaba, domin wannan karon mai mamaciya zai shiga ne kai ba hula.