Gorar Nomau

A ƙauyen Rafin Kanya akwai wata tsohuwa, Inna Dudu, wadda ciwon fuka ya cinye mata ƙirji. Babban ɗanta Sallau yana fataucin albasa, gidansa na bakin kasuwa. Autanta Nomau shi ke zaune da ita. Ƙato ne mai ƙarfin aiki, amma kansa kamar ƙwarya yake, abin da ka zuba shi za ka tarar. Da annobar sarƙewar numfashi ta shigo, gwamnati ta yi ta kafa dokoki, mutanen gari suka yi kunnen ƙashi. Nomau kaɗai ya ɗauke su duka, domin ya ji malamin asibiti, Malam Haladu, yana cewa in cutar ta kama mai fuka irin Inna, sai dai a haƙa kabari.

Wata rana sanƙiran mai gari ya zaga yana shela cewa duk wanda ya taɓa abin da wani ya taɓa, ya wanke hannu da sabulu. Nomau ya ɗauki buta ya wanke. Yana ajiyewa ya tuna wani baƙo ya yi alwala da butar, sai ya ɗauki moɗa ya sake wankewa. Moɗar ma maƙwabciya ta sha ruwa da ita. Kafin azahar randa ta ƙafe ƙaf. Tari ya turnuƙe Inna, ta laluba ba ko ɗigo.

"Nomau, ina ruwan gidan nan?"

"Na wanke cuta da shi, Inna."

Wata rana Malam Haladu ya ce kowa ya bar tazarar tsawon gora tsakaninsa da ɗan'uwansa. Nomau bai yi wata-wata ba, ya saro gora ya riƙa yawo da ita. A ƙofar masallaci mai gari ya miƙo masa hannu, shi kuwa ya miƙa masa bakin gorar. Wani ƙanen mai gari ya zabga masa mari har hularsa ta faɗi. Nomau bai rama ba. Ya dubi mutumin da tausayi, ya ce, "Kawu, ka taɓa ni, je ka wanke hannu." Aka yi ta dariya, har da Sallau, wanda ya dawo daga birni a makon nan yana ɗan tari.

Wata rana aka ce kowa ya zauna gida, kada a fita. Akuyar Inna, wadda nononta ne kawai abin da tsohuwar ke iya haɗiya da safe, ta tsinke igiya ta fice. Nomau ya biyo ta da gudu, yana isa bakin zaure ya ja birki. Nan ya tsaya yana kiranta da sunanta, yana kallo har ta shige daji. Ba a sake ganinta ba. Inna ta yi kuka, ta ce da ta san haka zai zama da ba ta sha wahalar goyonsa ba.

Daga nan dariya ta ƙare a Rafin Kanya. Tarin Sallau ya zama shaƙa, ya kwanta bai tashi ba. Malam Haladu ya biyo ta ƙofar gidan Inna da takunkumi a fuska, ya ce, "Nomau, kada ka bar kowa ya shiga wurin tsohuwar nan. Kowa."

To, a garin nan in an yi rasuwa, ɗakin uwar mamaci ake cika. Tsofaffin mata su zauna gwiwa da gwiwa, su riƙe mata hannu, su sha fura a ƙwarya guda. Ranar da aka binne Sallau suka taho rututu, sa'o'in Inna da suka tashi tare. Suka tarar da Nomau ya gitta gora a bakin zaure.

"Kauce, ɗan nan," in ji matar liman. "Uwarka ce ta rasa ɗa."

"An ce kowa, Gwaggo."

Suka roƙe shi, suka zage shi, wata ta tofa masa yawu a riga. Daga ciki Inna na kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya, tana tsine masa. Hawaye na bin fuskarsa, amma gorar ba ta motsa ba. Da suka gaji, suka koma gidan Sallau suka yi zaman makokin a can, a ɗakin da ya yi jinya. Inna ta yi kukan ɗanta ita kaɗai, ta daina yi wa Nomau magana. Tuwo ya ajiye, ta juya masa baya.

Matar liman ce ta fara tarin. Sauran suka bi ta, har masu haƙan kabari suka riƙa barin magirbinsu a maƙabarta, don kullum sai an binne wata.

Wata rana, bayan damina ta sauka, sanƙira ya zaga yana shela cewa an ɗage doka. Nomau ya cire gorar, ya share zaure, ya shimfiɗa tabarmi, ya dama fura cike da ƙwarya. Ya leƙa ɗaki da murnarsa.

"Inna, an ce yanzu su shigo su yi miki gaisuwa."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon tabarmin. Sannan ta yi masa magana, karo na farko tun ranar jana'iza.

"Su wa, Nomau?"