Ɓawon Ƙwai a Bayan Bagadi

A wani daji, wanda cikin duk waɗanda suka taka shi da ƙafa ni kaɗai na rage da rai, Guza ya buɗe majami'a a gindin ɓaure, ya ce a riƙa kiransa Manzo. Wa'azinsa ɗaya ne kullum: talauci ƙarancin bangaskiya ne, wanda ya bayar kuwa za a mayar masa riɓi ɗari.

Akwai wata zabuwa a zumuntar mata, sunanta Tabita. Damina biyu tana kai ƙwanta kaf gaban bagadi, ko ɗan tsako ɗaya ba ta gani ba. A damina ta uku tsufa ya kama ta. Ta san guda taran da take kwanci a kai su ne na ƙarshe, sai ta yi shiru da su.

Ran Lahadi Manzo ya dubi layin mata ya ce, "'Yata Tabita, an nuna mini ke, 'ya'ya ɗari tara suna bin bayanki. Amma an kuma nuna mini abin da kika ɓoye cikin ciyawa."

"Baba," in ji ta, "na bara fa? Ko guda ɗaya a bar mini in ɗumama."

Burgu, dattijon ikilisiya, ya miƙe. "Haba 'yar'uwa! Irin wannan tambayar ce ta lalata na bara. So kike ta lalata na bana ma?"

Kowa ya juyo yana kallonta. Kafin a tashi ta mirgino ƙwan ɗaya bayan ɗaya, da ɗuminsu.

Bayan wata guda tana share bayan bagadi, sai tsintsiya ta tono ɓawo. Ta gane nata ne. Ta kwaso ta zube gaban jama'a, ta ce, "Baba, mene ne wannan?"

Manzo ya lashi baki, ya ɗaga hannu sama. "Ikilisiya, ku dubi al'ajibi! Sun ƙyanƙyashe, ga shaida a ƙasa! Suna can ana yi mata kiwonsu inda shaho ba ya zuwa. Tabita, ba da shaidarki!"

Ganguna suka ɗauka. Makwarwa da agwagwa suka ruga gida ɗauko nasu. Tabita ta buɗe baki, amma Halleluya ta danne muryarta.

Ban yi boko ba, amma idona ba ya mantuwa. Daminar da ta biyo, ba a ji kukan tsako a dajin nan ba. Majami'a dai ta ci gaba sosai. Har ƙofa aka faɗaɗa, don tsohuwar ta fara matse Manzo.