Yadda Za Ka Nuna wa Ɗan Sanda Ko Kai Wane Ne a Hanyar Kagoma

Har yanzu Malam Silvanus bai cire ledar da ke kan kujerun motarsa ba. Duk wanda ya zauna sai ta yi ƙara, in ya tashi kuma ta bi bayan rigarsa. Na ambaci wannan ne domin ka san irin mutumin da za mu yi koyi da shi, wato mutum mai kula da abin da ya kamata a kula da shi.

Tun da kuɗin Udoji suka sauka, wato ƙarin albashin da gwamnati ta yi wa ma'aikata, Kafanchan ta cika da masu mota. Wanda jiya yake ɗaure ƙafar wando saboda sarƙar keke, yau yana kaɗa mabuɗi a bakin majami'a. Sai dai ba wanda ya koya musu abin yi in ɗan sanda ya ɗaga hannu. Wasu har gaisawa suke yi da shi, a duba su, a sallame su, su wuce kamar kowa. Wannan asara ce. In ka bi matakan nan, na yi maka alkawari ɗan sanda ba zai taɓa manta ka ba, haka mutanen cikin motarka, haka ƙauyukan da ke kusa.

Malam Silvanus ma'aikaci ne a ofishin ilimi, mai sabuwar Boswaja irin wadda yara ke kira kunkuru. Wata Asabar ya ɗauki Emilia, malamar makarantar da yake nema da aure, tare da mahaifiyarta da ake kira Mama, za shi Kagoma inda 'yan uwan mahaifinta suka taru su gan shi karo na farko. A saman mota an ɗaure buhun gishiri na gaisuwar surukai. Emilia ba ta ce masa e ba tukuna. Ta ce za ta ba da amsa a gida, gaban manya. Bayan sun bar gari kaɗan, a gindin wata ɗorawa inda aka jera ganguna, wani kofur mai suna Kambai ya ɗaga hannu.

Mataki na 1: Kada ka tsaya inda aka tsayar da kai.

Ƙananan mutane ne ke tsayawa nan take. Kai ka wuce, ka yi nisa, ka bar shi ya tako cikin rana ya same ka. Mutumin da ya yi gumi kafin ya iso gare ka zai zo da taushin zuciya.

In da hali, ka tsaya a hannun hagu. An daɗe da mayar da tuƙi hannun dama, amma Malam Silvanus a zamanin hagu ya koyi keke, kuma tsoro ba ya karanta sanarwar gwamnati. Ya tsallaka titi, ya taka birki har kan Mama ya taɓa kujerar gaba. Wata mai tallan gyaɗa ta faɗa cikin ciyawa da farantinta. Ka ga ke nan tun ba a fara magana ba an san da zuwanka.

Mataki na 2: Hana gaisuwa.

A ƙasar nan ana gaida mai noma daga bakin hanya ko ba a san shi ba. Kai ka wuce wannan. Ka ɗaga gilashi, ka riƙe sitiyari da hannu biyu, ka dubi gaba kamar mai jiran jirgin Jos. Sai ya ƙwanƙwasa za ka sauke, shi ma kaɗan, daidai shigar hanci.

Ka lura da na bayan mota, domin tsofaffi kan ɓata wa mutum shiri. Kafin Malam Silvanus ya gama ɗaure fuska, Mama ta riga ta leƙo ta gaida kofur da aiki, ta tambayi iyalinsa da rana da gajiya. Kofur Kambai ya cire hula ya amsa, ya tambaye ta mutanen gida. Saura kaɗan a rabu lafiya. Allah ya sa Malam Silvanus ya farga da wuri.

Mataki na 3: Manta Hausa.

Ba komai in da ita ka yi cinikin gishirin da safe. Yanzu Turanci kawai kake ji, kuma mai nauyi, irin wanda ake rubuta wa babban sakatare. Malam Silvanus ya tambayi kofur a wace doka aka ba shi izinin tsare ma'aikacin gwamnati da ke bakin aiki, ranar Asabar, da gishiri a ka.

Kofur ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam, ni ma na yi firamare. Amma mu yi da Hausa domin Mama ya ji. Ba wani abu ba ne, saman motan ka ne..."

A nan ne za ka katse shi.

Mataki na 4: Kada ka bari ya faɗi dalilinsa.

Wannan shi ne ginshiƙin aikin. Ɗan sandan da ya faɗi dalilin tsayar da kai zai iya sallamarka, kai kuma ba ka gama nuna kanka ba. Duk lokacin da ya buɗe baki, ka cusa masa sunan wani babba. In ba ka da babba, ka ƙirƙiro. Malam Silvanus ya samo wani kawu a hedikwatar 'yan sanda a Kaduna, da abokin makaranta a barikin soja, da wani alƙali da suke cin abinci a kwano ɗaya. Emilia, wadda ta san kawun nasa guda ɗaya ne kuma yana kiwon aladu a Godogodo, ta dubi hannayenta.

Sau uku kofur yana nuna sama da sandarsa. Sau uku Malam Silvanus yana tambayar lambarsa, ya ce zai rubuta ta, ya laluba aljihu babu alƙalami.

Ka tuna, haƙurin ɗan sanda kamar ruwan randa ne. Ba ka sanin yawansa sai ka ji moɗa ta taɓa ƙasa.

Kofur Kambai ya mayar da hularsa. Ya ce, "To, ranka ya daɗe. Tun da magana ya zama na doka, kawo lasin."

Mataki na 5: Ba shi kowace takarda ban da wadda ya nema.

Ka fara da rasiɗin mota. Ka bi da katin baftisma, da na ƙungiyar mawaƙa, da hoton ranar da ka gama kwaleji. Mai yiwuwa ya gaji.

Kofur bai gaji ba. A ƙarshe dai takardar ta fito, kuma ta ɗan koyo ce. Ɗan koyo kuwa dole ya rataya farantin nan mai jan harafin L gaba da baya, ya kuma zauna kusa da mai cikakken lasin. Malam Silvanus ya cire nasa tun da safe, domin ba a zuwa neman aure da alamar cewa ba a iya ba. Da kofur ya tambayi inda suke, sai Mama ta ɗan ɗaga jiki ta zaro farantan biyu daga ƙarƙashinta, ta ce ai tun daga gari take jin abu yana tokarinta, ta ɗauka haka kujerun masu kuɗi suke.

Zuwa wannan lokaci jama'a sun taru. Mata masu itace sun sauke kaya. Wani mai keke ya jingine kekensa ya sayi rake. Kada wannan ya dame ka, ai dama su kake so su gani.

Mataki na 6: Nemi wanda za ka jingina wa laifin, ka fara da na kusa.

An ce ramin ƙarya ƙurarre ne. Maganinsa sai ka ci gaba da haƙa.

Kofur ya tambaya yaya ɗan koyo zai ɗebi mutane ya hau babban titi. Mutum mara dabara zai ce surukata ce, gida za mu, a yi haƙuri. Malam Silvanus ya fito daga mota, ya ja kofur gefe taku biyu, ya rage murya, ya koma Turanci. Ya ce aikin jinƙai yake yi. Tsohuwar nan bai san ta ba, a bakin hanya ya tsince ta ba ta da lafiya, ita kuma budurwar ya roƙe ta ne ta riƙe ta har asibiti.

Kofur ya ce asibiti ai yana bayansu, cikin Kafanchan.

Malam Silvanus ya taɓa gefen kansa da yatsa. Ya ce ciwon a nan yake. Tsohuwar ba ta san inda take ba, shi ya sa yake zagayawa da ita ko za ta gane gidansu.

Ka tabbata gilashin gaba a sauke yake lokacin da kake wannan bayani. Ka kuma manta cewa yarinyar da ke zaune a wurin, Turanci take koyarwa.

Kofur Kambai ya sunkuya ta taga, ya ce, "Mama, wai malam ya ce bai san ki ba. Wai kanki ba daidai ba ne."

Mama ta dubi Malam Silvanus ta cikin gilashi, ta daɗe tana dubansa. Ta ce, "Ɗana, in ya ce bai san ni ba, shi ya yi karatu, ya fi ni sani. Amma tuwon accan da na kawo wa Emilia jiya, shi ya cinye, har ya tambaya ko da saura. Batun kai kuma gaskiyan shi ne. Mai hankali ba zai shiga motan nan ba."

Mai keken nan ya ƙware da rakensa. Sai da aka bubbuga masa baya.

Mataki na 7: Yanzu ka tambayi dalilin.

Ka yi shi da fushi, kamar wanda aka ɓata wa lokaci. Malam Silvanus ya ce wai shin me ya yi tun farko da aka tsayar da shi.

Kofur ya nuna titi da sanda. Wani farin layi ya taso tun daga inda ido ke iya gani, ya bi kwalta, ya tsallaka zuwa hannun hagu, ya ƙare a bayan kunkuru. Awaki sun jeru a kansa suna lasa. Buhun da ke sama ya kwanta lakwas kamar rigar da aka shanya. Ƙarfen da aka ɗaure shi a kai ne ya huda shi.

Kofur ya ce, "Abin da na so in gaya maka ke nan, malam. Lokacin da na ɗaga hannu, gishirin da ke ciki ya fi rabi."

Mataki na 8: Durƙusa, amma sai bayan ta daina amfani.

An ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa biyan kuɗin gugar wando ba, shi ya sa ake ajiye wannan mataki sai ƙarshe. Hausarka za ta dawo da kanta. Malam Silvanus ya tsuguna cikin ƙura, ya kira kofur yayansa, ya kira shi babansa, ya rantse cewa wannan surukarsa ce, wannan kuma matarsa ce in Allah ya yarda, manya na can suna jira. Kofur ya ce shi yanzu ya rikice, bai san wanne zai rubuta ba, tsintacciya ko suruka. Ya ce malam ya zauna a inuwa ya zaɓi ɗaya kafin saje ya dawo daga cin abinci.

Sannan ya shiga titi ya ɗaga wa wata babbar mota hannu, irin masu kai citta tashar jirgi su koma wayam. Direban ya tsaya daidai inda aka tsayar da shi, ya sauko ya gaida kofur, ya gaida Mama har ƙasa. Da ya ji Kagoma za ta, ya kori yaronsa baya ya share mata kujerar gaba da hularsa. Irin waɗannan direbobi ba su da aji, kada ka yi koyi da su.

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ta ɗauki alhakin tara ba, ko kwanan mota a gindin ɗorawa, ko kumburin cikin awakin jama'a. Ba ta kuma da hannu a abin da dattawan Kagoma za su ce in sun gaji da jira, ko waƙar da zumuntar mata za ta iya fitarwa kafin Kirsimeti. An yi maka alkawarin za a san ko kai wane ne, ba a ce za a so abin da aka sani ba. Wanda ya bi matakan nan ya rasa wani abu, ya tambayi bakinsa.

Game da amsar da aka ce za a bayar a gida kuwa, ba a kai gida da ita ba. Malam Silvanus yana tsugune yana lissafa wa kofur sunayen fastocin da za su tsaya masa, Emilia ta buɗe ƙofa ta fito. Ta ɗauki ƙullin kayan mahaifiyarta, ta mayar da ƙofar a hankali yadda ba za ta yi ƙara ba, ta tsallake farin layin, ta kama ƙarfen babbar motar ta hau.