Hular fulogin Kawu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ilimina ya yi jifa da Kawu Sani cikin kwamin albasa.

Lokacin ina digiri na biyu a jami'ar Aliero, aikina gauraya roba da girafin, wani abu mai tsananin siranta da ake ɓamɓarowa daga irin baƙin cikin fensir. In ka zuba kaɗan a narkakkiyar roba sai ta yi ƙarfi, ta kuma riƙa ɗaukar wutar lantarki. Ni dai ƙarfin ne ya tafi da hankalina.

Kawu, ƙanen mahaifiyata, manomi ne a Gumbin Kure, kuma shi kaɗai yake tsaya min in dangi suka ce bokona bai tsinana wa kowa komai ba. Na daɗe ina son fitar da shi kunya. Da hular robar da ke kan fulogin injinsa na ban-ruwa ta tsage, sai na zuba masa sabuwa da haɗina. A gaban maƙwabtan gonarsa na maka mata guduma (ba wanda ya ce in yi), ko gezau.

"Kun dai gani," in ji Kawu. "Wanga shi na karatun da kuka cewa banza na."

Inji ya tashi, ruwa ya bi kwami-kwami, ni kuwa sai hura hanci nake. Da gona ta ƙoshi, Kawu ya yi abin da ya saba tunda makashin injin ya lalace: ya kai hannu ya cire hular fulogi don ya kashe shi, ƙafafunsa cikin laka. (Na sha ganin yana haka, wallahi.) Wuta ta fizge shi, ya faɗi da baya, hular kansa ta bi ruwa.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi yi min ciwo. Ya tashi yana yarfe hannu, ya dube su, sannan ni.

"Ƙarhi dai akwai shi, ɗana," ya ce a hankali. "Cizon na za ka ragewa."

Babi guda na rubuta kan yadda haɗin nan ke ɗaukar wuta, amma ban taɓa tambayar kaina hannun wa zai kama shi ba. Yanzu da wannan tambayar nake fara kowane aiki.

Har gobe Kawu yana tsaya min a gaban dangi. Sai dai duk abin da na kawo masa, da sanda yake fara taɓawa.