Girar Kaka da Gwangwanin Musbahu

"Ya gajiyar hanya, Tsoho? Na ɗauka a filin jirgin Kano za su tsare ka, su ce kayan tarihi ba ya fita daga ƙasa."

"Sun tsare ni. Da na ce jikana zan dubo, wanda ke sharar ƙasa a Dubai, sai suka tausaya mini."

Haka yayana Musbahu da kakanmu Alhaji Sanda suka gaisa ranar wata Juma'a bayan masallaci, a falonmu na unguwar International City a Dubai. Kaka sarin yadi ya kawo shi kasuwar Al Ras. A ƙuruciyarsa maharbi ne, kuma girarsa ta hagu ba ta da gashi ko ɗaya. Shekara hamsin yana cewa damisa ce ta yakushe ta.

Musbahu kuwa wata uku ke nan yana aikin gwaji a wani kulob na masu gasar harbi, can bayan gari. Idan an harba harsashi, kwanson tagullar da ya rage ba a yar da shi, gyara shi ake yi a sake cikawa, kuma wannan ne aikinsa. Mudir ɗinsa, wato shugabansa a wurin aikin, ya ba shi jarrabawar ƙarshe: harsashi sittin na wani babban kwastoma da zai shiga gasa ranar Lahadi. In sun yi kyau a tabbatar da shi a aiki, in ba su yi ba ya san hanyar gida.

"Ina ka baro mini matata?" in ji Musbahu. "Ko ka bar Hajiya Mero da kunun kanwa ka taho yawon duniya?"

"Ta ce in gaishe da mijinta mai tsintar bawon harsashi. Ta ce in ka tara da yawa ka aiko, za ta yi wa awaki ƙararrawa."

"Tsinta? Ni injiniya ne, Tsoho. Ba irin harba-rugarka ba, da za ka ɗura albarushi da tsumma, ka ja kunama ka ruga kafin zomo ya rama."

"Zomo bai taɓa ramawa ba. To injiniya, me kake ƙerawa?"

Musbahu ya gyara zama. Na san zaman nan, na wanda ya daɗe yana neman mai saurare ne.

"Kwanso in an harba shi kumbura yake yi, ya ɗauki siffar cikin bindigar. Kafin a sake cika shi, hanya biyu ce. Ko a matse shi gaba ɗaya, daga wuya har gindi, ya koma yadda ya fito daga kamfani. Ko a matse wuyan kawai, inda kan harsashi ke zama, a bar jikin yadda yake."

"Kai wanne za ka yi?"

"Wuya. Tagullar ba ta wahala, kwanson ya fi daɗewa, kuma yana zama daram a bindigar. Aikin gwanaye ne. Na riga na gaya wa mudir."

"Na san irinka," in ji Kaka. "Akwai wani tela a Kwari, ko wando ka kai masa wuya yake nema. Rago ne shi ma."

"Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, Tsoho. Bari in kawo maka misali daidai kanka. Ka ga hular nan taka? Ta shekara ashirin tana bin wannan kan mai kama da gwanda, har ta ɗauki siffarsa. In na sa ta ba za ta zauna ba. Haka kwanson da aka matse wa wuya kaɗai, bindigar da ta harba shi kawai yake komawa. In ka tura shi a wata, yana iya cijewa, sakata ta ƙi rufuwa."

"In ta ƙi rufuwa a tsakiyar gasa fa?"

"Khalas, shi ke nan. An yi asarar zagayen."

Kaka ya cire hular, ya leƙa cikinta, ya mayar. Ya kurɓi shayinsa.

"Mutumin naka bindigarsa nawa?"

"Biyu. Hassan da Hussaini, kamfani ɗaya, girma ɗaya."

"Da wacce ya yi atisaye?"

"Da duka biyun."

"Da ya gama, wa ya kwashe kwanson?"

"Ni mana."

"Ka zuba a ina?"

"A gwangwanin madara. Kai ka koya mana ba a yar da gwangwani."

"Gwangwani nawa?"

Musbahu ya shiga sosa ƙeya.

"Ramlat," Kaka ya ce da ni, "ƙara wa injiniya shayi. Lissafi yake yi, daga ɗaya zuwa ɗaya."

"Ba wani abu ba ne," in ji Musbahu, amma muryar ta ragu. "Bindigogin iri ɗaya ne. Ko akwai bambanci bai kai silin gashi ba."

"Zanen aro ba ya rufe katara."

"Ka bar karin magana, Tsoho. Na riga na cika baki gaban mudir. In na koma na ce na canja, zai ce ban san aikina ba. Kuma me mai harba-ruga ya sani game da bindigar gasa? Kai da damisa ta yi wa aski."

Kaka ya dube shi. Sannan ya shafa girar da babu, ya juyo gare ni.

"Amarya, ke Mero take ba wa labaran gidan nan. Faɗa masa damisar."

"Kaka, ka ce in na faɗa ba ni ba tsarabar Makka har abada."

"Na janye. Yalla, faɗa."

Sai na faɗa yadda Hajiya Mero ta faɗa mini. Kaka da yayansa marigayi Nasir, maƙeri ɗaya ya ƙera musu bindiga, a mako ɗaya. Kowace da ƙahonta na awon albarushi. Wata rana Kaka ya nemi nasa ƙahon ya rasa, sai ya ɗauki na Nasir, ya ce ai bindigogin iri ɗaya ne. Da ya ja kunama, wuta ta fito ta inda ba a sa ta ba, ta lashe masa gira. Abin da ya fita harbi kuwa, fakara ce, kuma ta tashi lafiya.

"Fakara," in ji Musbahu a hankali.

"Babba ce," in ji Kaka.

"Shekara hamsin kana firgita jikoki da damisa."

"Shekara hamsin ina rufa wa kaina asiri, yau na tona saboda wani mai kan kwakwa kada a koro shi gida ya zo yana cinye mana tuwo. Ni gira na bayar. Kai biza za ka bayar. Zaɓi."

Musbahu ya ɗauki wayarsa ya fita baranda. Muna jiyo shi yana haɗa Larabci da Turanci, yana gaya wa mudir cewa kwanson bindigogin biyu ya cakuɗe a hannunsa, saboda haka duka sittin ɗin zai matse gaba ɗaya, kuma gobe da safe zai gwada kowane ɗaya a bindigogin kafin ya cika. Ya saurari amsar mudir, sannan ya dawo.

"Me ya ce?" na tambaye shi.

"Ya ce da ma jira yake ya ga ko zan lura. Ya ga gwangwanin tun ranar Laraba."

"Ka gaya masa wanda ya lura?" in ji Kaka.

"Na ce wani tsohon masani ne daga Najeriya, gwanin fakara."

Ya faɗa bai ko murmusa ba, amma kafaɗunsa suka tona shi, dariyar ta ƙwace. Ya buɗe jakar aikinsa ya ciro sabon tabarau na kare ido, irin mai faɗin nan da masu harbi ke sawa, ya durƙusa ya miƙa wa Kaka da hannu biyu.

"Na sallama, Tsoho. Ga wannan, a tsare girar da ta rage."

Kaka ya saka, ya dubi kansa a gilashin taga, ya gyara zaman hula.

"Ya karɓe ni," in ji shi. "In mun koma Kano dai, damisa ce."