Miyar Adas da Baƙin Kano

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da na so in manta, da Alhamis ɗin da na jera wa yayar mijina kwanuka huɗu na miya babu ko tsokar nama ɗaya a ciki. Amma tun kafin in yi nisa bari in faɗi abu guda: abincin nan ya yi daɗi. Duk abin da za ku ji a gaba, wannan maganar ba zan janye ta ba.

A Hindawiyya, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Kakana ne ya zo aikin Hajji daga Kano ya ƙi komawa, mu kuma muka tashi muna Hausa da tsofaffi, muna Larabci a waje. Aure ne ya kawo ni unguwar Rusaifa, hawa na uku a wani gidan bene. Mijina, Abu Nasir, shi haifaffen Kano ne, kuma yayarsa, Yaya Asabe, ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Saboda haka ita ce surukata, duk da ba sunan da ake kiranta da shi ke nan ba. Tun ranar da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "'yar Makka", kuma a bakinta wannan na nufin macen da ba ta iya tuƙa tuwo ba. (Na iya. Gudaji ne kawai ke ɗan fitowa.)

Abin ya samo asali ne daga babban yatsan ƙafar Abu Nasir. Wata safiya ya tashi yatsan ya kumbura ya yi ja, ko takalmi ba ya iya sawa. Likita ya ce ya rage jan nama sosai. Muna fitowa daga asibiti ya ce min, "Don Allah kar ki gaya wa kowa. Yanzu sai a fara yi min kallon tsoho." Na yi masa alkawari.

To me zan dafa? Mu a gidanmu miyar da ba nama ruwan zafi ce. Sai na tuna da maƙwabciyata da ƙofarmu ke kallon juna, Ummu Irfan, 'yar Indiya daga Haidarabad, wadda ƙamshin girkinta ke shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa kullum kafin azahar. Na ƙwanƙwasa mata, na ce ina so ta koya min miyar ƙasarsu, amma wadda ba nama. Ta ce me ya sa ba nama? Na tuna alkawarina, sai na ce, "Haka dai, muna so mu rage." Ta kalle ni, ta dafa kafaɗata, ta ce in shigo.

Ita ta koya min dal, wato miyar adas, ƙananan jajayen waken nan da ke narkewa in sun dahu. A wanke, a dafa da kurkum har ya yi laushi. Sannan a narka man shanu a ƙaramin kasko, a jefa kammun da tafarnuwa da busasshen barkono, suna fara ƙamshi a juye a kan miyar ta yi cuu. Karon farko na bar barkonon ya ƙone, yarana suka gudu baranda suna tari. Amma na dage. Bayan wata shida na iya miyar hummus, wani wake mai kama da gujjiya, da tumatir da citta, na iya alayyafo da dankali, na iya farin kabeji, har cafati, gurasar ƙasarsu, nake murzawa ya kumbura a kan wuta. Na kuma shiga kallon bidiyon girki a waya, inda na ji cewa mutane da yawa a Indiya ba sa cin nama sam. Gaskiya ne wannan. Kuskurena shi ne ban taɓa tambayar Ummu Irfan ko tana cikinsu ba. Na yanke mata hukunci da kaina.

Sai ga labari Yaya Asabe za ta zo Umra tare da ƙawarta, wata Hajiya Talatu, kuma za su ci abincin rana a wurinmu ranar Alhamis.

"In sayo rabin rago?" in ji Abu Nasir. "Ko a yo mana mandi, shinkafa da naman nan na Larabawa, daga waje, ki huta?"

"Ba rago, ba mandi," na ce. "Shekara goma sha huɗu tana cewa ban iya girki ba. Wannan karon zan ba ta abin da ko sunansa ba ta sani ba."

"Yaya ce fa. Ko kunu aka ba ta sai ta leƙa ko da ƙashi a ciki."

"To ta leƙa."

Ya buɗe baki zai ƙara magana, ya ga fuskata, ya ce, "Khalas, yadda kika gani."

Da safiyar Alhamis na dawo daga kanti da ledoji, na haɗu da Ummu Irfan a matakala. Na gaya mata yau ina da manyan baƙi, dangin miji daga Nijeriya. Ta leƙa ledojin ɗaya bayan ɗaya: adas, hummus, alayyafo, farin kabeji.

"Bas?" ta ce. Wato shi ke nan?

"Bas," na ce, ina ɗaga kai.

Ta dafe ƙirji ta bi ni da kallo har na shige. Ni a zatona mamakin ɗalibarta take yi.

Baƙi suka iso bayan azahar. Abu Nasir ya gaishe su ya koma ɗakin baƙi na maza, ni kuma na shimfiɗa ledar cin abinci a falo na jera kwanuka. Wallahi sun yi kyau: rawaya, kore, ja, ga farar shinkafa mai doguwar ƙwaya, ga cafati a lulluɓe da tawul. Hajiya Talatu tsohuwa ce mai shiru, tunda ta amsa gaisuwa ba ta ƙara cewa komai ba, carbinta kawai take ja. Yaya Asabe kuwa ta ɗauki ludayi ta tsoma a dal, ta juya, ta ɗago. Ta sake nutsa shi har ƙasan kwano, ta ɗago. Ta koma miyar hummus ta yi haka. A alayyafo ta ci karo da wani abu mai tauri, fuskarta ta saki, ta ɗago shi. Dankali ne.

"'Yar Makka," ta ce, "naman narkewa ya yi?"

A nan ne ya kamata in yi dariya in ce sabon abu na gwada. Amma ina, sai na gyara zama na buɗe makaranta.

"Babu nama, Yaya. Girkin Indiya ne. Su a can babban baƙo da irin wannan ake karrama shi. Nama ai kowa ma ya iya jefawa a tukunya, gwanintar ita ce ki fitar da daɗi ba shi. Maƙwabciyata 'yar Indiya ce, ita ta koya min. Su gidansu ko warin nama ba sa so." (Wannan jimlar ta ƙarshe ban san daga ina ta fito ba. Na ji ta ne kawai a bakina.)

"Ikon Allah," in ji Yaya. "To ƙanin nawa ma haka yake ci kullum?"

"Kullum."

"Shi ya sa na ga wuyansa ya ƙara tsawo."

Ina shirin ba ta amsa aka danna ƙararrawa. Na buɗe ƙofa, sai ga Ummu Irfan ɗauke da faranti mai faɗin tayar mota, an lulluɓe shi da takardar azurfa. Ba ta jira na ce ta shigo ba, ta wuce ni, ta yi sallama, ta ture kwanon dal ɗina gefe da gwiwa ta ajiye farantin a tsakiya, ta yaye. Biryani ne. Naman rago a jibge, ƙasusuwa na leƙowa ta cikin shinkafa, soyayyar albasa a sama, tururi na tashi. Na ga hancin Yaya Asabe ya motsa.

Ummu Irfan ta riƙe hannuna biyu, ta fara magana da Larabcinta mai karyewa, da muryar da ta ɗauka raɗa ce alhali har baranda ana ji. Ta ce, "Ya ukhti, 'yar'uwata, kar ki ji kunya. Tun ranar da kika ce min kuna so ku rage nama na gane abubuwa sun yi muku tsauri, ban dai faɗa ba ne. Amma baƙo ba a ba shi dal. Mu a wurinmu dal abincin kowace rana ne, ko na wanda ba shi da lafiya. In dangin miji suka zo, yanka ake yi. Mu maƙwabta ne, asirinki nawa ne."

Yaya ta dube ni. "Me take cewa?"

Na ga asirina na shirin tonuwa. Amma na tuna Larabcin Yaya bai wuce na sallah da cinikin dabino ba, sai na yi murmushi na ce, "Barka da zuwa take yi muku. Ta ce ta san 'yan Nijeriya ba su waye da irin wannan girkin ba tukuna, shi ya sa ta daure ta taɓa nama saboda ku."

Sai na ji ƙarar carbi ta tsaya.

"A'a," in ji Hajiya Talatu a hankali, "ba haka ta ce ba."

Ashe baiwar Allahn nan shekara goma sha ɗaya ta yi a Makka a ƙuruciyarta, tana sayar da abinci a Hindawiyya, lokacin Hajji kuma ta yi girki a Arfa. Larabcinta ya fi na Ummu Irfan nesa ba kusa ba. Ta fassara komai kalma bayan kalma, ba ta rage ko wasali ba, har da "asirinki nawa ne". Da ta gama ta ci gaba da jan carbinta.

Na zaci Yaya za ta yi min dariya, kuma da dariyar ta yi da na fi samun sauƙi. Kuka ta fara. Ta goge ido da gefen mayafi tana cewa, "Ashe haka yaron nan ke fama bai faɗa ba. Har maƙwabta sun sani, mu muna Kano muna cewa yana Makka yana hutawa."

A nan na karya alkawari. Na ce, "Yaya, ba rashi ba ne, likita ne ya hana shi nama saboda ƙafarsa. Ku zo ku tambaye shi."

 Yaya ta cika faranti da biryani, ta zaɓo manyan tsokoki ta ɗora, ta miƙe ta kai wa Abu Nasir da kanta. Na tsaya sallamar Ummu Irfan, wadda ta rungume ni tana ɗaukan hawayen Yaya na godiya ne, sannan na bi bayan Yaya don shaidana ya wanke ni. Na same shi ya naɗe hannun riga, ƙashi a hannu, maiƙo har haɓa.

"Abu Nasir, gaya wa Yaya abin da likita ya ce game da ƙafarka."

Ya dubi yayarsa, ya dubi ƙashin, ya dube ni. Ya ce, "Wace ƙafa? Ai ta yi sauƙi."

Na koma falo na zauna. Na jawo kwanon dal ɗina da aka ture, na zuba a kan shinkafa, na ci. Na ƙara, na ci. Na yagi cafati na share miyar hummus ina lumshe ido da gangan. Su suna can gefe suna tsotsar ɓargo, ni ina nan ina cin abincina kamar wadda aka ba kyautar girki. Ko ƙwayar biryanin ban taɓa ba, duk da ƙamshinsa na neman kashe ni. Yaya tana ta turo min tsoka tana cewa, "Ci mana, 'yar Makka, ba abin kunya ba ne, kowa da lokacinsa." Na ce na ƙoshi.

Kafin su bar Makka labari ya riga su isa Kano. Mutanen da ba su taɓa kiranmu ba suka dinga kira suna yi mana addu'ar buɗi. Duk ɗan uwan da zai zo Umra sai an ba shi saƙon kilishi da dambun nama ya kawo mana, har muka rasa inda za mu ajiye. Da na bayyana wa Ummu Irfan gaskiyar magana, dariya ta yi har ta zauna a matakala, ta ce ita rabonta da wuni ba nama tun tana budurwa. Shi kuwa maigidan, kwana biyu bayan biryanin yatsan ya sake kumbura. Mako uku ya yi yana cin dal safe da rana. Ban ce masa uffan ba, sai dai kullum a farantin baƙi nake zuba masa.

Har yau in na yi baƙi ina dafa miyar adas, kuma ba zan daina ba. Abu biyu dai na koya. Na farko, in zan murɗe fassara, in fara bincika ko akwai tsohuwa mai shiru a ɗakin. Na biyu, yanzu nakan soya kaza guda in dasa ta a tsakiyar kwanukan. Ba don a ci nake ajiye ta ba, ko da yake ana cinyewa. Ita ce iƙamar abincin, takardar izinin zamansa. Da zarar baƙo ya gan ta sai hankalinsa ya kwanta, ya daina yi wa miyata tambayoyi.